Da Sauƙi

Duk wanda ya koyi mota a makarantar tuƙin da ke bayan gidan mai, in ka tambaye shi sunan malaminsa na yanka, sai ya tsaya sosa ƙeya. Malam Ba Komai kowa ya sani. Ɗalibi ya haye dakalin bakin titi da taya, ya ce ba komai. Ɗaliba ta taka totur maimakon birki ta nufi teburin mai lemo, ya taka nasa birkin na gefen fasinja, mota ta tsaya cak, ya ce ba komai, mu sake. Har ranar da wani ya karya madubin gefe a jikin ƙofar makarantar, abin da ya faɗa ke nan yana tsince gilasai. Sunan ya bi shi har gida, don matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa.

Saboda haka duk matsoracin da aka kawo, shi Manaja yake tura wa. Sauran malaman akwai mai tsawa, akwai mai tsaki, akwai wanda ba ya rabuwa da waya. Shi kuwa ko gira ba ya ɗagawa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wanda ya tambayi fuskar wannan bawan Allah ya sha ƙarya.

Abin ya zo masa ne ba sallama. Suna tsaye a cunkoso wata rana, mota gaba mota baya, ba wanda ya goge su, ba wanda ya zage su, sai ya ji gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, iska ta ƙi isarsa, tafin hannu ya jiƙe sharkaf, bel ɗin da ya shekara da shekaru yana ɗaurawa ya shaƙe masa ƙirji. Ya sakankance mutuwa ce ta zo, har ya fara salati a zuci, ɗalibin da ke gefensa kuwa yana ta ba shi labarin ƙwallo. Can abin ya sake shi, ya bar shi da gajiya kamar wanda ya wuni dako. Ya ce ƙila yunwa ce. Da abin ya dawo ya ce ƙila zafi ne. Daga baya ma ya daina jiran cunkoso, tunanin cunkoson kawai ya ishe shi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne rashin dalili. Da hatsari ya taɓa yi, da ya sami abin nunawa, mutane su yi masa jaje a wuce wurin. To ba hatsari, ba rasuwa, ba rigima a gida. Ta ina mutum zai fara cewa yana jin tsoro, in aka ce tsoron me ya ce bai sani ba?

Da iyakarsa wahalar ƙirji, da ya daure, don dauriya ba baƙuwarsa ba ce. Amma aikinsa duka a ƙafarsa ta dama yake, wadda ke kan birki na biyu. Ita iyaye suke ba wa amanar 'ya'yansu, ita ke ciyar da gidansa. In abin ya taso kuwa, ƙafar nan sai ta mutu murus, ya aika mata saƙo ta ƙi amsawa. Wata rana ta makara, wani ɗalibi ya kusa shigewa bayan bas, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Ya ce da yaron ba komai. Amma ya san ranar da Manaja ya ji wannan labari zai karɓe makullin motar, kuma ba zai zalunce shi ba in ya karɓe. Daga ranar ya shiga neman magani a ɓoye, kamar mai neman abin sata.

Wurin mai kemis ya fara zuwa. Aka ba shi wasu 'yan ƙwayoyi, ya sha ɗaya ranar hutu, ya wuni yana gyangyaɗi a kan kujera yara suna hawa kansa. Da ya duba kwalin ya ga an rubuta kada wanda ya sha ya tuƙa mota, sai ya yi dariyar takaici ya cusa shi a bayan durowa. Daga nan sai babban asibiti. Likita ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya duba takardar da injin ya fitar, ya ce zuciyarsa ta fi tasa lafiya. Ya ce ciwon fargaba ne, ba shi kaɗai ba ne, kuma ana warkewa, galibi ta hanyar zama da likitar da aikinta ke nan, a yi ta magana tana koya wa mutum yadda zai shawo kan abin. Ya nuna masa wani gini can ƙurya, bayan wurin wanki.

Bai nufi ginin ba a ranar. Allon da ke ƙofarsa akwai kalmar ƙwaƙwalwa a jiki, shi kuwa ya koya wa rabin garin nan tuƙi, ba inda zai tsaya ba a gane shi ba. Ya ce bari ya gwada wasu ƙofofin tukuna.

Ya je wani asibitin kuɗi mai tukwanen furanni a bakin ƙofa. Da yarinyar kanta ta faɗa masa abin da ake biya a zama ɗaya, ya gaishe ta da kyau ya fito. Ya bincika a wayarsa ya tarar akwai masu yi ta bidiyo, mutum yana gidansa. Sharaɗinsu ɗaya ne, a sami wuri mai shiru inda ba kowa. Ɗaki biyu gare shi da yara huɗu, bangon kuma ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. Ya gwada a cikin mota lokacin cin abincin rana, ya ɗage gilasai, ya gama shiri ke nan sai ga wani tsohon ɗalibinsa yana ƙwanƙwasa gilashi, baki har kunne, ya zo nuna masa sabon lasinsa. Sai kuma ya ji labarin wani taro da masu irin wannan damuwa suke yi a ɗakin taron unguwa, kowa ya faɗi tasa, ba a biyan ko sisi. Ya wanke riga ya je. Matar da ke jera kujeru ta ɗago, ashe ya taɓa koya mata ribas.

"Malam Ba Komai! Wa ka kawo mana?"

Ya ce wucewa yake yi, ya ga ƙofa a buɗe ya ce bari ya gaisa. Ta ce ai shi ba ya buƙatar irin wannan wuri, da ma zai riƙa zuwa yana ba su sirrin.

Haka ya zagayo ya dawo ginin bayan wurin wanki, hula a karkace ta rufe rabin fuska. Sistar da ke kan tebur, wata gajeriyar mata mai tabarau a kan hanci, ta rubuta sunansa da lambar wayarsa. Ta ce likitar ɗaya ce tal, layin kuma dogo ne, don haka sukan kira mutum su ji halin da yake ciki, wanda abin ya fi tsananta masa shi ake sa wa gaba. Ta ce ya riƙa ɗaga waya. Ya fito yana jin kamar an sauke masa rabin kaya, duk da ba a yi masa komai ba tukuna.

Kiran ya same shi a ofis. Ofishin makarantar ɗaki ne guda, tebur ɗaya, benci biyu, da allon da ake rataye makullai, ba lungun da mutum zai raɓe. Manaja yana zaune yana rabon ɗalibai, malamai biyu suna shan shayi. Da ya ji muryar Sista sai ya miƙe ya fara laluben ƙofa, yana amsa gaisuwa kafin ya kai waje su shiga zancen. Ta tambayi aiki, ya ce da godiya. Ta tambayi iyali, ya ce lafiya lau. Ta ce yaya jikin, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ta ce da sauƙi sosai? Ya ce sosai. Barci fa? Lafiya lau. Ta ce ma sha Allah, ta ji daɗi, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce amin, ƙafarsa ɗaya a waje. Ya buɗe baki zai fara bayani ke nan ya ji ƙit, ta kashe.

Ya ɗauka layi ne ya katse. Ya jira ta sake kira ranar, bai ji ba. Ya jira mako, ya jira wani. A tsakanin nan ya zama gwanin lunguna, ya san duk wata ɓarauniyar hanya da za ta kauce wa babban titi, ɗalibansa suka ƙware a kwana da fakin amma ba wanda ya taɓa ganin gada. Ya rame, wandonsa ya fara neman sabon rami a bel. Wata safiya matarsa tana guga ta ce, "Baban yara, lafiya kuwa?" Ya ce ba komai. Ta ajiye dutsen gugar ta dube shi, ta ce ita ba ɗalibarsa ba ce, ba ta hau dakali da taya ba. Ya so ya faɗa mata, wallahi ya so. Amma ƙaraminsu ya shigo yana kukan takalmi, maganar ta bi iska, shi kuma ya gode wa takalmin a ransa.

Da jiran ya ishe shi ya koma wurin Sista. Ta duba kwamfuta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ai an cire ka daga layi, Malam. Kai ka ce da sauƙi."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar da na kira ka. Na ce yaya jiki, ka ce da sauƙi. Na sake tambaya, ka ce sosai."

"Sista, ai gaisuwa ce."

"Ni tambaya na yi."

Ya tsaya yana kallonta. Shi da bai taɓa ɗaga murya a gaban ɗalibi ba, sai ga shi yau ya ɗaga ta.

"Don Allah Sista, mutumin da ke kwance rai a hannun Allah, in kika ce masa yaya jiki, me zai ce miki?"

 Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta ce da sauƙi zai ce. Ta ce mahaifinta ma abin da ya faɗa mata ke nan ana gobe zai rasu.  Baki shi ke yanka wuya, ga shi nasa ya yanka shi da kalmar da aka koya masa tun yana goye.

Gurbinsa an riga an ba wa wani, wannan ba gyara. Ta ce za ta mayar da shi, amma wanda aka cire aka mayar ba ita ke yanke hukuncinsa ba, likitar ce da kanta take kira in ta sami sarari tsakanin marasa lafiya, ta ji daga bakin mutum. Ba ta da lokacin kira biyu, in ba a ɗaga ba sai ta wuce na gaba. Ba a san rana ba, ba a san sa'a ba.

"In ta ce maka yaya jiki," in ji Sista, "ka tuna ba gaishe ka take yi ba."

Sai ga babban mutum mai 'ya'ya huɗu yana koyon magana. In ya sauke ɗalibi ya rage shi kaɗai a mota, sai ya kalli madubi ya ce wa kansa yaya jiki, ya yi ƙoƙarin amsawa da babu sauƙi. Kalma biyu ce, amma harshensa ya ƙi ta. Ji yake kamar butulci ne, kamar yana kai ƙarar Ubangijinsa wurin wata mata a waya, alhali yana ci yana sha yana tafiya da ƙafafunsa. Wani lokaci ta fito a raɗa, wani lokaci ya ji bakinsa ya ƙarasa da alhamdu lillahi ba da izininsa ba. Wayar kuwa ya saya mata abin maƙalawa a gaban mota, ba ya barinta ko ban-ɗaki zai shiga.

Ana cikin haka aka ba shi Anti. Yayar Manaja ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a makarantar nan maganarta ta fi ta mai makarantar nauyi. Mijinta ya rasu ya bar mata mota a rufe da tamfol, ta gaji da roƙon 'ya'yan maƙwabta su kai ta asibiti, ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta koya. Tsoro gare ta na fitar hankali. Takan riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata, in babur ya gifta ta saki salati ta rufe ido. Ga surutu. Ba abin da ke kwana a cikinta, kowane darasi in an gama sai ta zauna a ofis ta ba ƙanenta labarinsa daki-daki, har da inda Malam ya yi atishawa.

Ta ɗauki son duniya ta ɗora wa Malam Ba Komai. Ta ce ita in ba shi ba, ba mai sa ta zauna a bayan sitiyari. Ta ce in ta ji gabanta yana faɗuwa, da ta saci kallon ƙafarsa a kan birkin nan sai hankalinta ya kwanta. Yakan yi murmushi ya ce ta sa sigina.

Da jarrabawarta ta matso, Manaja ya kira shi ya ce lunguna sun isa haka, yau a hau da Anti babban titi, a bi ta ƙarƙashin gada a zagayo ta shataletale, don nan masu jarrabawa suke bi. Ya ce ko a bari sai da rana ta yi sanyi. Manaja ya ce ai cunkoson ake so ta gani. Ya ce to, ba komai.

Sun shiga ƙarƙashin gadar ke nan komai ya tsaya. Hanyar a nan ƙunci gare ta. Tankar mai ta tokare su ta gefen Anti, ta nasa gefen kuma katangar kankare ce, kusa ƙwarai, ko ya buɗe ƙofa ba za ta wuce faɗin yatsu huɗu ba. Gaba bas, baya wata motar kaya ta manne musu. Hasken rana yana can gaba, ɗan kaɗan, hayaƙi ya cika wurin, ƙarar injuna tana dukan rufin gadar tana dawowa. Anti ta ja birkin hannu kamar yadda ya koya mata, ta gyara zama, ta ɗauko labarin wata jikarta da ta ƙi makaranta.

Ya ji abin nan yana tahowa tun daga ciki. Ya ce a ransa ba yanzu ba, don Allah ba yanzu ba, amma abin ba ya jin roƙo. Ƙirji ya ɗaure, yatsu suka yi sanyi, gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hula. Ya gwada motsa ƙafar dama, ya ji ta kamar ta wani. Ya kafa ido a bayan bas ɗin yana gyaɗa wa Anti kai a inda ya kamata.

Sai wayar ta ɗauki ƙara.

Baƙuwar lamba ce. Ya dube ta, ya dubi katanga, ya dubi Anti. Ba wurin fita, ko da zai fita ta taga. In ya bari ta katse, shi ke nan, ya koma ƙarshen layin da bai san tsawonsa ba, da wannan ƙafar, da 'ya'yan mutane a gefensa. In ya ɗaga, matar da ba ta iya riƙe labarin atishawa ba tana zaune kafaɗa da kafaɗa da shi. Gaba kura, baya sayaki.

"Ɗauka mana, Malam," in ji Anti. "Ai a tsaye muke."

Ya ciro ta ya kara a kunne. Muryar mace ce, a natse, ba gaggawa. Ta faɗi ko ita wace ce, ta tabbatar shi ne, sannan ta ce, "Yaya jikin, Malam?"

"Da sau..."

Ya datse leɓensa da haƙori. Saura ƙiris. Likitar ba ta ƙarasa masa ba, ta dai jira. Yana jin numfashinta, yana jin Anti ta yi shiru da labarin jikarta.

"Babu sauƙi," ya ce.  "Likita, babu sauƙi. Yanzu haka ma yana kaina."

Ta ce ta ji, kuma ya yi daidai da ya faɗa. Ta ce ya saki numfashi a hankali, ya fi mai da hankali ga fitarwa, abin zai kai ƙarshensa ya sauka kamar yadda ya saba sauka. Ta tsaya da shi a layi yana fitar da iska kamar mai hura shayi. Da ya ɗan lafa sai ta ce akwai tambaya ɗaya da dole ta yi, don da ita take sanin wa za ta fara gani. Abin yana taɓa aikinsa?

Ya rufe ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Mota nake koyarwa. In ya taso, ƙafata ba ta taka birki. Na kusa sa yaron mutane a bayan bas."

Ta ce ya zo farkon mako da safe, za ta gan shi da kanta. Ta ce kafin nan ya yi wa Allah ya nemi hutu daga shiga titi da ɗalibai, kuma ya sami mutum ɗaya a gida ya faɗa masa. Ya ce to. Ya yi godiya, ya sauke wayar a cinyarsa. Ya sami abin da ya yi wata da watanni yana nema, amma ko kusa bai ji daɗi ba, kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Bai iya juyawa ya dubi gefensa ba.

Bas ɗin gaba ya motsa. Na baya suka dasa hon. Anti ta saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu. A nan ne kullum yakan ce ba komai, mu sake, amma bakinsa ya bushe. Ya ga idonta ya sauka kan ƙafarsa, ya daɗe a wurin, sannan ta ɗauke shi ta mayar kan titi. Ta murɗa makulli da kanta. Ta sa giya, ta saki birkin hannu, ta ja motar a hankali tana bin bas, tanka tana huci a gefenta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta rufe ido ba. Suka fito cikin rana, ta zagaya shataletale da sigina da komai, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Har suka iso layin makarantar ba ta ce uffan ba. Matar da ko a danja ba ta iya shiru. Wannan shirun ya fi masa cunkoson nauyi, ya rasa ko fushi ne, ko tausayi, ko lissafin yadda za ta jera wa ƙanenta labarin take yi. Ya tuna duk ranakun da ta miƙa ranta ga ƙafar da shi ya san ba ta da tabbas, ya ji in ta tsine masa ma ba ta yi laifi ba.

Ta shiga ƙofar ba ta taɓa ko gefe ba, ta yi fakin, ta kashe mota. Manaja yana tsaye a bakin ofis, ya hango su ya fara tafi yana dariya.

"Anti," ya ce a hankali, "abin da kika ji ɗazu..."

Ta ɗauki jakarta daga kujerar baya, ta gyara mayafi. Ba ta dube shi ba.

"Ba komai, Malam."

Ta fita ta rufe ƙofa.

Ya shekara nawa yana raba wa mutane kalmar nan, bai taɓa zama a gefen da ake karɓarta ba sai yau. Ashe haka take, ƙofa ce a kulle. Ba ka sanin abin da ke bayanta, ko an yafe maka, ko an gama da kai. Ya tuna fuskar matarsa da dutsen guga a hannu.

Anti ta wuce ƙanenta ta shige ofis, ko tsayawa karɓar barka ba ta yi ba. Manaja ya bi ta da kallo, ya juyo ya taho wurin motar. Ya sunkuyo ta tagar direba, ya ga malamin nasa zaune da bel a ɗaure, riga jiƙe, waya a cinya.

"Malam, lafiya dai?"

Amsar tana nan a kan harshensa, a shirye, ba ta buƙatar ko tunani. In ya sake ta, Manaja zai buga rufin motar ya koma ofis, a ba shi ɗalibi na gaba. Malam ya miƙa hannu ya zare makullin daga jikin motar, ya riƙe shi a tafinsa, da ɗuminsa. Sannan ya kwance bel.

"Yallaɓai," ya ce, "tambaya kake yi, ko gaisuwa?"